Daga bidiyon waƙa zuwa fim da talabijin: hanyar da Steve Barron ya bi, da wuraren da ta ba shi wuya

Tambaya: Ina ɗaukar bidiyon waƙoƙi, yanzu kuma ina so in koma fim da shiri mai dogon zango. An ce mini wanda ya yi bidiyon Billie Jean na Michael Jackson shi ne kuma ya yi fim ɗin nan na kunkuru huɗu masu faɗa. Yaya aka yi ya tsallaka? Wane ilimi ne ke bin mutum daga waƙa zuwa fim, wane ne kuma ba ya binsa?

Gaskiya aka faɗa maka, ɗan'uwa. Sunansa Steve Barron, an haife shi a Dublin, babban birnin Ireland, a 1956, ya kuma tashi a Landan. Sai dai akwai gyara a tambayar taka. Barron bai taso daga waƙa ya faɗa fim ba. Daga fim ya fito, ya shiga waƙa da ilimin fim a hannunsa, sannan ya koma. Wanda bai lura da wannan ba zai ɗauka sa'a ce kawai ta yi masa aiki.

Mahaifiyarsa, Zelda Barron, ta daɗe tana aikin kontiniti, wato lura da cewa komai ya dace daga wannan ɗauka zuwa waccan, a manyan finafinai kafin ta zama darakta. Shi kuma ya bar makaranta da wuri, ya fara daga can ƙasa a sashen kyamara. A ƙarshen shekarun 1970 yana cikin yaran kyamara a A Bridge Too Far da The Duellists, dukansu na 1977, da Superman na 1978. Aikin yaron kyamara a wancan zamani shi ne ɗura fim a cikin gwangwaninsa da hannu, a cikin baƙar jaka, ba tare da ya ga abin da yake yi ba, domin haske kaɗan in ya shiga, aikin yini ya tafi. Shi ke buga allon nan mai ƙara a farkon kowace ɗauka, shi ke rubuta lambar sin da lambar ɗauka da yawan ƙafar fim da aka ci. Naɗi ɗaya na fim mai faɗin milimita 35, mai tsawon ƙafa 1,000, kusan minti 11 yake ɗauka. Wanda ya yi shekaru yana ƙirga wannan ya san kuɗin kowane minti da kyamara ke juyawa. Ya kuma ga yadda manyan daraktoci ke raba yini: nawa ne na haske, nawa ne na rihazal, nawa ne na ɗauka.

Bidiyonsa na farko da aka sani shi ne Strange Town na ƙungiyar The Jam a 1979. Ya kafa kamfanin Limelight tare da 'yar'uwarsa Siobhan, kuma faɗuwa ta zo daidai da zama, domin tashar MTV ta bidiyon waƙoƙi ta buɗe a Amurka ranar 1 ga Agustan 1981 tana neman abin da za ta cika sa'o'i 24 da shi. A ƙarshen wannan shekarar ya yi Don't You Want Me na The Human League. Yawancin bidiyoyin lokacin a kaset ake ɗaukarsu saboda araha. Shi ya ɗauka da fim na milimita 35, ya kuma gina shi a matsayin labarin masu shirya fim da soyayya ta rikice musu a wurin aiki. Wannan kama da sinima da bidiyon ya yi ita ce ta ja hankalin Michael Jackson.

Bidiyoyi uku ne ya kamata ka zauna ka warware su ɗaya bayan ɗaya, domin kowanne yana koyar da abu dabam.

Billie Jean, a farkon 1983. Kasafinsa dala 50,000, wanda bai kai abin da Barron ya saba samu daga wasu mawaƙan Birtaniya ba. Dabarar guda ɗaya ce tak: duk abin da mawaƙin ya taka ko ya taɓa sai ya kama haske. Kuɗin bai isa a sa wa dukan daɓen titin fitila ba, don haka wasu duwatsu ne kaɗai ke haskawa, kuma masu lantarki ne ke kunna su da hannu suna bin sawunsa. Sai da aka nuna wa Jackson waɗanda za su kama da waɗanda ba za su kama ba, ya tsara takunsa a kansu. Jackson ya kawo shawarar mutum-mutumin da ke cikin shagon tela su farka su yi rawa a bayansa. Barron ya ƙiyasta ƙarin dala 5,000, kamfanin CBS mai fitar da waƙoƙin Jackson ya ce a'a. Abin lura a nan shi ne, da aka hana kuɗin, bidiyon bai rushe ba, saboda ba a kan 'yan rawan aka gina shi ba. Dabarar da za ta iya tsayuwa ko an yanke mata kashi ɗaya cikin goma na kasafi, ita ce dabarar da ake kai wa furodusa. Masu farawa sukan rubuta shawarar bidiyo mai dabaru biyar, kowacce tana jingine da 'yar'uwarta, sai a ranar ɗauka janareta ya ci awa biyu, dabara ta uku ta faɗi, sauran su bi ta.

Take On Me na ƙungiyar a-ha, 'yan ƙasar Norway, a 1985. An taɓa fitar da waƙar a 1984 da wani bidiyo na daban, ba ta yi kasuwa ba. Jeff Ayeroff na kamfanin Warner ya ba Barron kusan fam 100,000, ya kuma ba shi abin da ya fi kuɗin tsada, wato lokaci. An fara ɗaukar mutane na gaske, mawaƙi Morten Harket da 'yar wasa Bunty Bailey, a wani ƙaramin gidan shan shayi a kudancin Landan da kuma cikin situdiyo. Aka tace hoton aka gama. Daga nan aka miƙa wa masu zane biyu, Michael Patterson da Candace Reckinger, suka riƙa ɗora takarda a kan hoton suna bin sa da fensir, firem bayan firem. Kusan zane 3,000 suka yi a cikin mako 16. In ka raba, kusan zane 190 ke nan a kowane mako. Tsarin aikin shi ne darasin: ba a fara zane sai an kulle editin. In aka sauya yanka ɗaya bayan an fara, duk zanen da ke wannan gurbin ya zama asara, kuma daƙiƙa huɗu kacal, in ana zana kowane firem a kan firem 25 a daƙiƙa, zane 100 ne. Haka dokar take har yau ga duk wani aikin kwamfuta da za a ɗora a kan hoto. Abu na biyu, zanen ba ado ba ne. Labarin ne ya buƙace shi, domin saurayin a cikin littafin zane yake zaune, budurwar kuma a duniya, hannunsa ya fito daga shafi ya ja ta ciki. Waƙar ta hau mataki na ɗaya a Amurka a watan Oktoban 1985, bidiyon ya ci kyauta shida a bikin MTV na 1986, har da ta gwarzon darakta.

Kyautar gwarzon bidiyon shekara a wannan bikin ta kuɓuce wa Take On Me, amma ba ta bar hannun Barron ba, domin Money for Nothing na Dire Straits ne ya ɗauka, shi ma aikinsa ne. Mark Knopfler, jagoran Dire Straits, ba ya son bidiyo mai labari, ya fi so a nuna shi yana kaɗa jita, sai da Barron ya bi shi har Budapest ya shawo kansa. Ian Pearson da Gavin Blair ne suka ƙera mutum biyu na zanen kwamfuta da ke cikin bidiyon, masu kai kamar akwati, da na'urar Bosch FGS-4000, aka kuma yi wa hoton wasan ƙungiyar a dandamali fenti da Quantel Paintbox. Na'urar ba ta iya yin fuska mai laushi ko yatsu masu lanƙwasa. Barron bai ɓoye wannan gazawa ba, sai ya mai da ita abin dariyar bidiyon. Da MTV ta buɗe reshenta na Turai ranar 1 ga Agustan 1987, da wannan bidiyon ta fara.

To, ga abin da waƙa ke ba mutum: iya tsayar da dabara ɗaya, iya auna ta da kuɗi da kwanaki, sanin inda za a ajiye kyamara cikin gaggawa, da rashin tsoron sabuwar na'ura. Duk waɗannan sun bi Barron har ƙarshe. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Fim ɗinsa na farko, Electric Dreams, ya fito a 1984, yana tsakiyar tashensa. Labarin wani saurayi ne da kwamfutarsa da suka faɗa son maƙwabciya ɗaya, Virginia Madsen ce ta fito a matsayin budurwar. Waƙar fim ɗin da Philip Oakey da Giorgio Moroder suka yi ta fi fim ɗin tashe nesa ba kusa ba, kuma kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu a sinima ba. Masu sharhi da yawa sun ce ya fi kama da jerin bidiyoyin waƙa da aka ɗinke. Wannan ciwo ne da kusan duk mai fitowa daga waƙa ke kamuwa da shi, kuma dalilansa a fili suke.

A bidiyon waƙa, waƙar ce ke riƙe da lokaci. Ita ke gaya maka inda za ka yanka, inda za ka ɗaga, inda za ka sauke. Ko hotunanka ba su haɗu ba, kiɗan zai ɗaure su. A fim babu mai yi maka wannan aikin. Mutum biyu na zaune suna magana minti uku, kai ne za ka san a wace kalma zuciyar sin ɗin ta juya, kuma a kan fuskar wa kyamara za ta kasance a daidai wannan lokaci. Sau da yawa fuskar mai sauraro ce, ba ta mai magana ba. Mai bidiyon waƙa ya saba bin bakin mawaƙi, don haka yakan manne wa mai magana, sai ya je editin ya tarar ba shi da hoton wanda aka gaya wa maganar.

Sai sauti. A waƙa ba ka ɗaukar sauti ko kaɗan, sifika ce ke kaɗawa, kana ba da umarni da ƙarfi ana cikin ɗauka, janareta na ruri a gefe, babu wanda ya damu. A fim, wannan sabo shi ne ke kashe aiki. Janareta sai ya yi nisa, a ja waya mai tsawo, a sa shi bayan gini. Makirfo ya kasance sama da kan ɗan wasa kaɗan, yana kallon bakinsa, daf da gefen firem. Kafin a tashi daga kowane ɗaki a ɗauki shirun ɗakin na daƙiƙa 30 zuwa 60, kowa ya tsaya cik, domin da shi edita zai cike giɓin da ke tsakanin maganganu. In babu shi, duk inda aka yanka sai an ji sautin ya faɗi ya tashi. Mai kallo yakan yafe hoto mai ɗan duhu, amma ba ya zama da maganar da ba ya ji.

Sai layin kallo. Ka zana layi a ranka tsakanin mutum biyun da ke magana, kyamara ta tsaya a gefe ɗaya na layin har sin ya ƙare. Ka tsallaka ba tare da ka nuna tsallakawar ba, sai a editin a ga su biyun suna kallon gefe guda, kamar ba da juna suke ba. A waƙa ana karya wannan doka da gangan ana kiransa salo. A sin na magana rikita mai kallo yake yi. Haka kuma kowane sin na buƙatar ɗauka mai faɗi daga farko har ƙarshe, sannan matsakaiciya, sannan ta kusa ga kowane mutum, kuma kowace ɗauka a yi ta cikakkiya, ba guntu-guntu ba. Kofin shayin da ke hannun dama a mai faɗi dole ya kasance a hannun dama a ta kusa. Aikin da mahaifiyar Barron ta yi shekaru tana yi ke nan, kuma shi ne muƙamin da masu ƙaramin kasafi suka fi saurin sokewa, su kuma fi yin nadama.

Na ƙarshe, ɗan wasa ba mawaƙi ba ne. Mawaƙi ya zo da halinsa a shirye, kai haskawa kawai za ka yi. Ɗan wasa yana jiran ka gaya masa abin da yake nema daga wanda ke gabansa. In ka ce masa "ƙara fushi", zai ba ka ɗaure fuska da ɗaga murya. In ka ce masa "so kake ta fita daga ɗakin nan ba tare da ka furta ba", zai ba ka wasa.

Gadar da Barron ya bi ya koyi waɗannan ba fim ba ce, talabijin ce. Ya yi wa David Bowie bidiyon waƙoƙin fim ɗin Labyrinth na Jim Henson, gwanin ƙera 'yan tsana masu motsi, a 1986, daga nan Henson ya ba shi kashin farko na shirin The Storyteller, tatsuniyoyin Turai da Anthony Minghella ya rubuta, John Hurt yana ba da labari. Kowane kashi bai kai rabin awa ba. Wannan na farkon, Hans My Hedgehog, ya ci Emmy, babbar kyautar talabijin ta Amurka, a rukunin shirin yara. A ganinmu wannan shi ne mataki mafi muhimmanci a duk tarihin aikinsa, ko da yake ba shi ake yawan ambata ba. Labari ne mai farko da tsakiya da ƙarshe, marubuci na gaske ne ya rubuta, 'yan wasa na gaske ne a ciki, amma tsawonsa bai wuce abin da mai zuwa daga minti huɗu zai iya riƙewa ba. Kuma a nan ya ƙulla amana da masu ƙera halittu na Henson, waɗanda in ba su ba, fim ɗin kunkurun ba zai yiwu ba.

Fim ɗin kunkurun, Teenage Mutant Ninja Turtles, ya fito ranar 30 ga Maris 1990. Kamfanin Golden Harvest na Hong Kong ne ya ɗauki nauyinsa, kasafin dala miliyan 13.5. Manyan kamfanonin Hollywood sun ƙi karɓar rarraba shi, sai New Line, wanda ƙarami ne a lokacin, ya shigo ana cikin aiki. Ya tara kusan dala miliyan 200 a duniya, ya zama fim mai zaman kansa da ya fi kowane samun kuɗi har zuwa 1999. Barron ya bar katun ɗin talabijin na 1987 mai barkwanci, ya koma littafin zane na asali na Kevin Eastman da Peter Laird na 1984, wanda ya fi duhu da zafi.

Aikin da ke cikinsa ya cancanci a tsaya a kai. Masu ƙera halittu a Landan sun yi mako 18 suna haɗa rigunan da robar soso. Kunkuru ɗaya aikin mutane da yawa ne: akwai wanda ke cikin rigar, akwai wanda ke gefe yana sarrafa baki da ido da gira ta rediyo, akwai ɗan faɗa da ke sa wata rigar mara injin a kai, galibi kuma wani ne daban ke ba da murya daga baya. Josh Pais ne kaɗai ya haɗa jiki da muryar nasa kunkurun, Raphael. An ɗauki yawancin fim ɗin a Wilmington da ke jihar North Carolina a bazarar 1989, cikin zafi da gumi, 'yan wasa na gani ta 'yan ƙananan ramuka. Rigar na da nauyi, motsi ya zama a hankali. Maganin da aka yi shi ne rage gudun kyamara: a ɗauka a firem 22 ko 23 a daƙiƙa, a haska a 24. Firem 23 na ƙara saurin motsi da kusan kashi 4 cikin 100, firem 22 kuma kusan kashi 9. Ido ba ya kama wannan a matsayin sauri, sai dai ya ga jikin ya yi sauƙi. In ka sauka ƙasa da haka sosai, sai abin ya koma wasan barkwanci irin na finafinan da. Duhun da aka yi wa fim ɗin ma ba salo kaɗai ba ne. Haske mai yawa daga gaba yana tona ɗinkin wuya da sheƙin roba. Haske daga gefe ko daga baya, da inuwa mai kauri, su ke sa roba ta zama fata. Wanda ya taɓa ɓoye ƙarancin duwatsu masu fitila ya riga ya san wannan lissafi.

Amma duk da wannan nasara, ba Barron ne ya gama fim ɗin ba. Masu kuɗin sun ga ya yi duhu da yawa ga yaran da ke sayen kayan wasan kunkurun, suka karɓe editin daga hannunsa kafin a kammala. Edita Sally Menke, wadda daga baya ta tace finafinan Quentin Tarantino, ita ma an sallame ta. Kashi na biyu da ya fito a 1991 wani darakta ne ya yi shi, an ƙara haske, an rage amfani da makamai. Wannan shi ne babban bambancin da ba a gaya wa masu fitowa daga waƙa. A bidiyo, kai ne ka kawo dabara, kai ka ɗauka, sau da yawa kai ka tace, mawaƙi ya gani ya ce a gyara wuri biyu, shi ke nan. A fim, darakta kamar magini ne da aka ɗauka aiki: shi ya san yadda ginin zai tsaya, amma mai fili ne ke cewa ga inda ƙofa za ta kalla. Ko a Amurka, abin da yarjejeniyar ƙungiyar daraktoci ta tabbatar wa darakta a babban fim shi ne mako 10 ya gabatar da nasa yankan. Bayan nan, in ba a rubuta masa ikon yanka na ƙarshe ba, mai kuɗi ke da magana.

Abin da ya biyo baya a sinima bai yi armashi ba. Coneheads na 1993, tare da Dan Aykroyd da Jane Curtin, an ɗauko shi ne daga gajeren wasan barkwanci na talabijin aka ja shi zuwa awa ɗaya da rabi, bai yi kasuwa ba. The Adventures of Pinocchio na 1996, tare da Martin Landau, shi ma bai mai da kuɗinsa a sinimar Amurka ba. Biyu a jere sun isa su sa wayar darakta ta daina ƙara a Hollywood.

Talabijin ce ta sake ɗaga shi, kuma a nan ya fi daɗewa. Merlin na 1998, kashi biyu a tashar NBC, Sam Neill a kan gaba tare da Helena Bonham Carter da Miranda Richardson, ya samu shiga takarar Emmy har 15. Sai Arabian Nights na 2000 a ABC, wato labaran Dare Dubu da Ɗaya da mai karatun Hausa ya sani, an ɗauki sassansa a Turkiyya da Maroko. Sai DreamKeeper a 2003, Treasure Island a 2012 wanda aka ɗauki wani ɓangarensa a Ireland, The Durrells daga 2016 a tsibirin Corfu na Girka, da Around the World in 80 Days na 2021 tare da David Tennant da Ibrahim Koma, wanda annobar korona ta tsayar da ɗaukarsa a 2020 aka koma daga baya. A tsakani ya yi ƙananan finafinai da ya fi iko da su: Rat na 2000, labarin wani magidanci a Dublin da ya rikiɗe ya zama ɓera, Mike Bassett: England Manager na 2001, da Choking Man na 2006 a kan wani mai wanke kwanuka ɗan Ecuador a birnin New York. In ka lura, manyan ayyukan da ake kiransa dominsu duk iri ɗaya ne: tatsuniya ko tsohon littafi, halittu da siddabarun hoto, ƙasashe da yawa, kwanaki ƙalilan. An san shi da iya kawo abin mamaki a kan lokaci, kuma wannan suna daga waƙa ya samo shi.

Dalilin da ya sa talabijin ta fi karɓar ɗan waƙa shi ne gudu. A ƙa'idar da aka saba, shafi ɗaya na rubutun fim minti ɗaya ne a allo. Babban fim na sinima yakan ɗauki shafi 2 zuwa 3 a yini. Wasan talabijin yakan nemi 5 zuwa 8, masu ƙaramin kasafi kuma fiye da haka. Wanda ya saba gama bidiyo a yini ɗaya ko biyu ba ya firgita da wannan. Abin da zai koya shi ne cewa a talabijin marubuci da furodusa ne masu shiri. Daraktan da ya yi kashin farko shi ke kafa kamannin shirin, wato launi, irin gilashin kyamara, yadda ake motsi, har da zaɓen 'yan wasa. Waɗanda suka biyo baya bin sawu suke yi. Saboda haka in an ba ka kashi na bakwai, ba wurin nuna salonka ba ne. Ka kalli shidan da suka gabata, ka tambayi mai kyamara da wane gilashi ake ɗaukar fuska, ka gama a kan lokaci.

Game da kai, ga yadda za a yi amfani da wannan. Kada ka tashi daga minti huɗu ka faɗa awa biyu. Ka nemi rubutu na shafi 10 zuwa 15 wanda wani ya rubuta, mutum biyu ko uku, wuri biyu, kuma ka haramta wa kanka sa kiɗa a yankan farko. In sin bai tsaya ba tare da kiɗa ba, matsalar a rubutu take ko a wasa, kuma kiɗa rufe ta kawai zai yi. Ka ware yini guda na karatu da 'yan wasa a zaune, babu kyamara. Ka rubuta jerin ɗaukarka tun daren jiya, ka sa alama a kan waɗanda in babu su sin ba zai haɗu ba, ka fara da su. Ɗaukar ƙawa, irin ta jirgi mara matuƙi da zagaye ɗan wasa, ta jira ƙarshen yini. Ka ƙiyasta minti 20 zuwa 40 duk lokacin da za a juya kyamara a sake haske, ka ninka da yawan ɗaukar da ka rubuta, za ka ga da kanka ko jerin zai shiga awa 10. Tunda wutarmu a Najeriya da Nijar mai bugu 50 ce a daƙiƙa, ka tsaya a firem 25 da shata, wato saurin buɗewar idon kyamara, 1/50, in ba haka ba fitilun ɗaki za su riƙa rawa a hoton. Dabarar rage gudu da aka yi wa kunkuru tana aiki a sin na faɗa, amma kada ka yi ta inda ake magana da sautin da aka ɗauka a wurin, domin baki da murya za su rabu.

Kafin ka taɓa kyamara a aikin wani kuma, a rubuta abu huɗu a takarda, kowa ya sa hannu: kwana nawa za a ba ka ka gabatar da naka yankan kafin kowa ya sa baki, wa ke da magana ta ƙarshe a editin, yaya za a rubuta sunanka da kuma ko kana da damar cire shi in an sauya aikin, sannan kashi nawa na kuɗinka za a biya kafin ɗauka, nawa a ranar gamawa, nawa bayan miƙa yanka. Ka riƙe kwafin yankanka a faifanka na kanka, da izinin nuna minti biyu ko uku daga ciki ga mai son ba ka aiki na gaba, ko da wanda ya fita kasuwa ba shi ne naka ba.